Shin kafasito da kwayil za su iya mayar da wutar inbata mai kusurwa ta koma sayin?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ina da ɗan shago a Gadarif, ina cajin waya, ina kuma sayar da ruwan sanyi. Da wuta ta ƙi tsayawa sai na haɗa sola da batir mai bolt 12 da inbata mai wat 1000, ta hannu ce, haɗin gida. Caja duk suna aiki lafiya, amma fanka gurnani take yi, firij kuma kwamfiresonsa yana zafi har ba ya taɓuwa. Wani ya ce mini wai wutar inbatar mai kusurwa ce ba sayin ba, in na saka mata babban kafasito da kwayil a bakin fita za ta gyaru. Na kuma ga a intanet an yi haka da rezista uku da kafasito uku kawai. Don Allah yaya abin yake? In zai yiwu, wane girma zan saya?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Allah ya sa wa shago albarka, ya kuma yaye mana halin da ƙasarmu Sudan take ciki. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, balle bayan da jirage marasa matuƙi suka fara kai wa tashoshin wuta hari a farkon 2025, har da ta madatsar Marawi, inbata ta zama ita ce abin da aka fi kawowa teburina. Irin tambayarka kuwa ba daga Gadarif kaɗai take zuwa ba, mutanenmu na Kasala da Sinnar da Maiwurno duk suna yin ta.

Tambayar taka ɗaya ce a baki, amma a aiki biyu ce. Ta farko, ana iya ɗaukar igiya mai kusurwa a mayar da ita igiyar sayin? Ana iyawa, abin da ka gani a intanet ba ƙarya ba ne. Ta biyu, wannan dabara za ta yi aiki a bakin inbata mai wat 1000 da ke ɗauke da firij? Ba za ta yi ba, in ma ka gwada kana iya rasa inbatar da firijin a yini guda. Don haka kafin mu shiga bayani, kada ka sayi kafasiton nan. In ka riga ka saya, ajiye shi, kada ka jona.

Abin da ke cikin igiya mai kusurwa

Wutar layi ta ƙasar nan bolt 230 ce, tana kuma kai da komo sau 50 a cikin daƙiƙa, abin da ake rubutawa Hz 50. Ba ta tashi farat ɗaya. Daga sifili take hawa a hankali har ta kai ƙololuwar bolt 325, ta sauko, ta wuce ƙasa ta kai 325 ta ɗaya ɓangaren, ta dawo. Wannan hawa da sauka mai santsi shi ne sayin, kuma ba wani ne ya zauna ya zaɓe shi don kyau ba. Duk janaretan da ke juyawa, ko na madatsar ruwa ne ko na bayan shago, haka wutarsa take fita. Bolt 230 da ake faɗa shi ne ƙarfinta na aiki idan an daidaita hawan da saukar.

Inbata mai sauƙin haɗi ba ta da abin da ke juyawa. Makunnai ne a cikinta, wato mosfet, da wani ɗan ƙaramin guntu kamar CD4047 ko SG3524 da ke ba su umarni. Rabin lokaci a tura wutar batir cikin taransifoma ta dama, rabin lokaci ta hagu. Idan ka ɗora abin da ke fita a kan osiloskof, wato na'urar da ke zana siffar wuta a allo, za ka ga layi ya miƙe a sama, ya faɗo tsaye, ya miƙe a ƙasa, ya haura tsaye, da ɗan karkarwa a kowace kusurwa. Ita ce igiya mai kusurwa. Akwai kuma 'yar'uwarta da ta cika kasuwa, wadda ake rubuta wa "gyararriyar sayin" a jikin kwali. Ita ma kusurwar ce, sai dai tana ɗan tsayawa a sifili kafin ta tsallaka ɗaya ɓangaren.

Abin da zai warware maka duk lissafin shi ne abin da wani masanin lissafi ɗan Faransa, Joseph Fourier, ya wallafa a 1822. Ya nuna cewa duk igiyar da ke maimaita kanta, kome siffarta, tarin igiyoyin sayin ne da aka ɗora wa juna. Igiya mai kusurwa ta Hz 50 tana ɗauke da sayin na gaske mai Hz 50 a cikinta, shi muke kira igiyar tushe. A kansa akwai wani sayin mai ninki uku, Hz 150, tsayinsa ɗaya bisa uku na tushen. Sai mai ninki biyar, Hz 250, tsayinsa ɗaya bisa biyar. Sai ninki bakwai, Hz 350, ɗaya bisa bakwai, haka har abin ya ɓace. Waɗannan ninke-ninken su ake kira hamonik. Ninki biyu da huɗu da shida ba sa cikinta matuƙar rabin sama da rabin ƙasa sun yi daidai da juna.

Ka ga ke nan ba ƙirƙirar sayin za a yi ba, yana nan a ciki, kusan kashi 81 cikin 100 na ƙarfin igiyar nasa ne. Aikin shi ne a cire sauran. Idan aka tara hamonik ɗin aka auna su da tushen, sukan kai kusan kashi 48 cikin 100, wannan adadi shi ne ma'aunin gurɓatar igiya. Gyararriyar da aka daidaita tsayuwarta ta yadda ninki uku ya ɓace takan sauko wajen kashi 31. Inbatar sayin ta ƙwarai ƙasa da kashi 3 masu ƙera ta suke alkawari.

Matatar lantarki aikin rariya take yi. In gari da tsakuwa ne a haɗe, kowace irin rariya ta raba su. In kuwa gari ne da tsakin da bai fi shi girma sosai ba, sai an yi ta tankaɗe, kuma dole a yi asarar gari. Hz 50 da Hz 150 sun yi kusa da juna ƙwarai, ninki uku ne kawai tsakaninsu, kuma wanda ya fi kusa ɗin shi ne mafi girma a cikin hamonik. Duk wahalar wannan aiki daga nan ta samo asali.

Dalilin gurnanin fanka da zafin firij

Cajar waya ba ruwanta da siffar igiya, domin da wuta ta shiga cikinta ake miƙar da ita ta koma irin ta batir, yawancinsu kuma an yi su ne su karɓi daga bolt 100 zuwa 240. Shi ya sa ba ka ga matsala a nan ba. Dutsen guga da hita su ma zafi kawai suke nema.

Mota daban ce. Motar fanka da ta kwamfireso da igiyar tushe kaɗai suke juyawa. Hamonik ɗin da suka shiga wayar motar ba sa taimaka mata da komai, sai dai su ɗumama waya, su ɗumama ƙarfen da aka naɗa wayar a kai, su kuma girgiza shi. Gurnanin da kake ji sautin waɗannan ninke-ninke ne, kunnenka ne yake jin lissafin Fourier kai tsaye. Ƙari a kan haka, idan inbatar tana ba da bolt 230 mai kusurwa, sayin ɗin da ke cikinta bolt 207 ne kawai. Wato motar tana samun abin da take buƙata a rage, tana kuma shan abin da ba ta buƙata. Kwamfireso yana jan wuta ninki da yawa na aikinsa a lokacin tashi, idan bolt ya gaza sai tashin ya yi nauyi, ya daɗe yana jan wuta mai yawa. A ɗaki mai rufin kwano, a zafin Afrilu da Mayu irin na Gadarif, wannan kaɗai ya isa ya gasa fentin da ke jikin wayar motar a hankali har wata rana ta haɗe.

Akwai wani abu da nake so ka duba, domin yana yawan faruwa da mutanenmu. Da yawa daga cikin firij da fankokin da ke gidajenmu 'yan'uwa ne suka aiko da su daga Jidda ko Makka. Wutar Saudiyya Hz 60 ce, tamu 50. Motar da aka naɗa don Hz 60 kaɗai, idan aka ba ta bolt ɗinta a Hz 50, tana juyawa a hankali, tana kuma jan wuta fiye da ƙima, ko da wutar sayin ce tsantsa. Leƙa bayan firijin ka karanta ɗan allon da ke manne. In an rubuta 50/60 babu damuwa. In 60 ne kaɗai, to zafin nan yana da uwa biyu, sauya inbata zai rage shi amma ba zai kawar da shi duka ba.

Inda dabarar rezista da kafasito take aiki

Abin da ka gani a intanet sigina ne, ba wutar aiki ba. Ƙaramar igiya ce mai bolt 5 ko 9 da ke fitowa daga guntu irin 555 ko Arduino, ana so a gwada amfilifaya da ita ko a fitar da sauti. Wutar da ke gudana a wurin ba ta wuce 'yan miliamfiya ba, don haka ko an zubar da kashi biyu cikin uku a hanya ba wanda ya damu, sai a ƙara mata ƙarfi daga baya.

Ga yadda take. Rezista a kan hanya, kafasito daga bayansa zuwa ƙasa. Kafasito yana barin igiya mai sauri ta zurare ƙasa, yana ƙyale mai jinkiri ta wuce. Iyakar da matatar take fara yanka ana samun ta da 1 ÷ (6.28 × R × C), R girman rezista, C girman kafasito. Rezista mai om 1,600 da kafasito mai nanofarad 100 suna ba da iyaka wajen Hz 1,000. Ka shigar da igiya mai kusurwa ta Hz 1,000, mataki ɗaya, wato rezista ɗaya da kafasito ɗaya, zai sauke ninki uku daga kashi 33 zuwa wajen kashi 15 na tushen. A kan osiloskof za ka ga kusurwoyin sun lanƙwashe amma ba sayin ba ne tukuna. Mataki uku, idan ba sa danne juna, suna kai shi wajen kashi 3, a nan ido ba ya iya bambanta ta da sayin. Kuɗin da aka biya kuwa shi ne tushen ya ragu zuwa kusan kashi 35 na yadda ya shigo.

Wannan magana ta danne juna a nan masu koyo suke tuntuɓe. Idan ka jera matakai uku masu rezista iri ɗaya, na biyu yana jan wuta daga na farko, lissafin ya karkace. Ni abin da nake yi shi ne in ninka rezista sau goma a kowane mataki, in rage kafasito sau goma: om 1,600 da nanofarad 100, sai om 16,000 da nanofarad 10, sai om 160,000 da nanofarad 1. Ko kuma a sa ofam, wato guntun ƙara ƙarfin sigina, irin TL072 a tsakani. Da ofam ɗin ma ana iya gina matata mai kaifi irin tsarin da Sallen da Key suka fitar a 1955, guntu ɗaya mai ofam biyu ya ba ka mataki huɗu ba tare da kwayil ko ɗaya ba. LM358 ya fi samuwa a kasuwa kuma ya fi araha, amma yana barin ɗan tsini a daidai inda igiya ke tsallaka sifili, ba na son sa a aikin sauti.

Sharaɗi guda da ake mantawa: rabin sama da rabin ƙasa su zama daidai. Guntun 555 a haɗinsa na yau da kullum lokacin samansa ya fi na ƙasa tsawo, da zarar haka ta faru sai ninki biyu ya bayyana, shi kuwa ya fi ninki uku kusa da tushe, cire shi ya fi wuya. Maganin shi ne a sa 555 ya yi gudu ninki biyu na abin da ake so, a raba gudun biyu da guntun CD4013, sai ta fito rabi da rabi cif.

Duk waɗannan matatu na firikwansi ɗaya ne, wato saurin igiya ɗaya. Ka sauya saurin igiyar, tsayin abin da ke fita ya sauya. Wanda ke son ya riƙa murɗa firikwansi yana da wasu hanyoyi. Tsofaffin guntaye irin ICL8038 da XR2206 suna fara yin igiya mai dala, wadda gurɓatarta wajen kashi 12 ce, sannan su danne ƙololuwarta ta yi zagaye. AD9833 na zamani lissafa sayin ɗin yake yi daga tebur da ke cikinsa. In kuma sayin mai tsabta kaɗai ake nema, ba dole sai an bi ta kusurwa ba. Gadar Wien tana haifar da sayin kai tsaye, da ita William Hewlett ya gina na'urar farko ta kamfanin HP a 1939, ya sa ƙaramin ƙwan fitila ya riƙa daidaita ƙarfinta. A firikwansin rediyo kuwa kwayil da kafasito ƙanana ne, lodi kuma, wato abin da ke jan wutar, ba ya sauyawa, don haka a can matatar kwayil ita ce sarauniya.

Me ya sa ba ta aiki a bakin inbata

Rezista dai a cire shi daga magana. Wat 1000 a bolt 230 amfiya 4.3 ne, duk rezistan da zai tace Hz 150 a wannan wuta hita ka gina. Saura kwayil da kafasito, waɗanda a ƙa'ida ba sa cin wuta. Bari mu gwada shawarar da aka ba ka da lambobi.

Mu ɗauki kwayil mai milihenri 150 a kan hanya, da kafasito mai mikrofarad 30 a gicciye. Iyakarsu ta faɗo wajen Hz 75, tsakanin 50 da 150, inda ya kamata. Ninki uku zai sauko wajen kashi 6, siffar igiya ta yi kyau a ido. To amma dubi bolt. Kwayil da kafasito suna da firikwansin da suke amsa wa juna, idan igiyar tushe ta matso kusa da shi sai su kumbura ta. Idan ba lodi, wannan matata tana ninka tushen sau 1.8, bolt 207 ya koma wajen 370. Ka jona kayan wat 500, ya sauko wajen 290. Ka cika wat 1000, ya faɗo ƙasa da 200. Wato duk lokacin da firij ya tsaya, cajojin mutane da ke kan teburinka za su sha bolt ɗin da ba a yi su dominsa ba, duk lokacin da ya zo tashi kuma, lokacin da ya fi buƙatar ƙarfi, kwayil ɗin ya shaƙe shi. Wannan lissafin takarda ne, asarar waya da ƙarfe za ta ɗan rage kumburin, amma halin ba zai sauya ba.

Ba a nan ta tsaya ba. A bolt 370, kafasiton nan yana kai da komo da wajen amfiya 3.5 ko da ba abin da ke jone. A ɓangaren batir, ta cikin taransifoma, wannan ya haura amfiya 60 da ke bi ta jikin mosfet dare da rana suna zafi a banza. Shi kansa kwayil mai milihenri 150 da zai ɗauki amfiya 5 ba tare da ƙarfensa ya ƙoshi da maganaɗisu ba, dole a naɗa shi a kan babban ƙarfe mai tazarar iska, nauyinsa da kuɗin tagullarsa sun kusa na wata taransifomar.

Mafi muni shi ne a sa kafasito shi kaɗai ba kwayil, kuma shi ne abin da mutane suka fi yi, domin kafasiton na'urar sanyaya ɗaki yana samuwa a ko'ina. Kafasito ba ya yarda bolt ya sauya farat ɗaya, igiya mai kusurwa kuwa sau 100 a daƙiƙa take sauyawa farat ɗaya. A kowace kusurwa, kafasiton yana zama wa mosfet tamkar an haɗe waya biyu. An taɓa kawo mini wata daga shagon ɗinki, kafasito mai mikrofarad 35 ɗaure da salatif a bayan soket. Da na buɗe murfin, warin ƙonewa ya riga ya kama akwatin. Mosfet na gefe ɗaya, IRF3205 ne, sun tsage ta tsakiya, layin tagullar da ke ƙarƙashinsu ya ɗago daga allo ya murɗe, a gurbin fyus kuma an naɗa waya. Mai ita ya ce fankar ta yi shiru na ɗan lokaci, ya ji daɗi, sai ya ji ƙara. Shirun gaskiya ne, kafasiton ya rage hamonik, amma a wuyan mosfet ya sauke su.

Akwai na'ura ɗaya da ke yin abin da kake so a wutar aiki, taransifoma mai daidaita kanta da Joseph Sola ya ƙirƙira a Amurka a 1938. Tana da naɗi na musamman da kafasito, ƙarfenta a ƙoshe yake aiki, ka ba ta kusurwa ta fitar da abin da ya kusa sayin a bolt tsayayye. Sai dai tana da nauyi, tana zafi, tana ƙara, tana cin wuta ko ba lodi, ba ta kuma son tashin mota. Ga mai rayuwa a kan batir ba na ba da shawararta.

Yadda inbatar sayin ta gaske take yi

Masu ƙira ba su tsaya kokawa da Hz 150 ba, sun kori dattin ne zuwa nesa. Mosfet huɗu ake jerawa a tsarin gada, maimakon su kunna su kashe sau 50 a daƙiƙa, sai su yi fiye da sau 20,000. Kowane bugu mai kusurwa ne, amma faɗinsa yana sauyawa: siriri a kusa da sifili, yana faɗaɗa har ƙololuwa, ya sake sirancewa. Idan aka ɗauki matsakaicin waɗannan bugu, sayin ne mai Hz 50. Dattin da ya rage yana can wajen Hz 20,000, tazarar ta tashi daga ninki uku ta koma ninki ɗari huɗu. A nan ƙaramar matata ta wadatar. Kwayil mai milihenri 3.3 da kafasito mai mikrofarad 2.2 suna da iyaka wajen Hz 1,900, nesa da 50 ta yadda ba sa kumbura tushe, nesa da 20,000 ta yadda suke share dattin. Dukkansu biyu suna shiga tafin hannu.

Allon da ma'aikata irinmu suka fi amfani da shi shi ne EGS002, mai guntun EG8010 da direbobin IR2110. Yana bugu a Hz 23,400, yana da wurin zaɓar 50 ko 60, yana karanta bolt ɗin da ke fita ya gyara faɗin bugu idan lodi ya sauya, yana kuma da wurin zaɓar ɗan jinkirin da ake bari tsakanin kashe mosfet na sama da kunna na ƙasa don kada su haɗu. Wannan karanta bolt da gyarawa shi ne abin da kwayil da kafasito su kaɗai ba za su taɓa yi ba.

Za ka ce to a saka wa taka wannan allo mana. Ana yi, amma ba ƙari ba ne, sabon gini ne. Inbata mai kusurwa ta haɗin gida yawanci taransifomarta 12-0-12 ce mai waya a tsakiya. Sayin da ƙololuwarsa bolt 12 ne, ƙarfinsa na aiki 8.5 ne kawai, a cire abin da mosfet da wayoyi ke ci, don haka naɗin ɓangaren batir dole ya koma wajen bolt 7 zuwa 8, ba waya a tsakiya. In aka bar tsohon naɗin, wutar da za ta fita ba za ta kai ko kusa da 230 ba. Ke nan sabon naɗi, sabuwar gada, sabon allo, akwati da ƙarfen taransifoma kaɗai suka tsira. Kada kuma a miƙa wannan aiki ga wanda ba shi da osiloskof, domin kuskuren jinkirin nan da mita ba ta gani yana kashe mosfet huɗu a ƙiftawar ido.

Abin da za ka yi yanzu

Inbatarka ba ta gabana, don haka fara tabbatar da irin wutar da take bayarwa. Mita mai araha matsakaici take aunawa ta ninka da 1.11, a kan sayin kaɗai take faɗin gaskiya. A kan kusurwa tsantsa mai bolt 230 za ta nuna wajen 255. A kan gyararriya mai tsayawa rabin lokaci a sifili za ta nuna wajen 180. Ka ari mita mai rubutun True RMS ka auna da su biyun a soket ɗaya. In sun yi daidai, mai yiwuwa wutar sayin ce, matsalar tana wani wuri, wataƙila sirantar wayar batir ko raunin batir ɗin. In sun saɓa sosai, mutumin nan ya yi gaskiya da ya ce wutar ba sayin ba ce. Ka kuma taɓa wayoyin batir lokacin da firij ke tashi. Wat 1000 daga bolt 12 ya kusa amfiya 100, waya siririya ko tasha mai tsatsa suna zubar da bolt kafin ma a kai ga inbata. Ƙurar habub da ta toshe ragar bayan firij ita ma tana ƙara zafi, a share ta, a janye shi daga bango.

In ta tabbata kusurwa ce, cire firijin daga kanta yau, kada ka jira sai ka sami kuɗi. Ruwan sanyi na 'yan kwanaki bai kai kuɗin kwamfireso da gas da aikin mai gyara ba. Bar mata cajojin waya, wannan aikin tana iya shi. Ƙwayayen fitila masu arha da fitilun caji masu sauke wuta da kafasito su ma a raba su da ita, kusurwa tana ƙona ɗan rezistan da ke cikinsu. Fanka kuwa ka nemi mai bolt 12 ka jona ta da batir kai tsaye ta bayan fyus, ba gurnani, ba asarar juya wuta, ta kuma fi daɗewa a kan caji ɗaya.

Firijin ka nema masa inbatar sayin tasa. Kada ka dubi wat ɗin aikinsa kawai, dubi na tashi. Ƙaramin firij mai cin wat 150 ina sa masa inbata mai wat 1000 ta gaske wadda ke jure ninki biyu na ɗan lokaci, na kuma fi son mai babbar taransifoma ga kayan mota, ta fi haƙuri da tashin kwamfireso. Rubutun kwali ba hujja ba ne, kasuwa cike take da masu kusurwa da aka rubuta wa sayin. Ka tafi da ƙaramar fanka ta wutar layi da mitocin nan biyu, a jona a gabanka kafin ka biya. In kana da niyyar ƙara firiza nan gaba, ka sayi mai bolt 24 tun yanzu, ka jera batir biyu iri ɗaya masu shekaru ɗaya, amfiyar da ke bin waya za ta ragu da rabi.